Tawa da arewacin Adar: araha a baki, tsada a kasuwa

Duk shekara, idan lokacin sauya wa ma'aikata wuraren aiki ya zo, magana guda ce ke yawo a ofisoshin Yamai: wanda aka tura Tawa ya huta, domin can rayuwa da sauƙi. Haya ba ta kai ta babban birni ba, nama kusa yake, albasa a ƙofar gida ake noma ta, mutum kuma na iya zuwa wurin aiki da ƙafa. Wanda aka tura gaba, zuwa Abalak ko Cintabaraden, sai a ce masa ai ajiya zai yi, tun da babu abin kashe kuɗi a can. Maganar ta daɗe har ta zama kamar karin magana, hukumomi ma a kanta suke gina lissafinsu. Amma ma'aikacin da ya shekara a arewacin Adar, da ɗan kasuwar da ke kai kaya can kowane mako, sun san rabin gaskiya ce kawai. Sauran rabin shi ne ke cinye albashi kafin ashirin ga wata, shi ne kuma ke cika littafin bashi a kowane kanti.

Gaskiyar da ke cikin maganar ba abin musu ba ce. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta samu kimanin mutum 149,000 a birnin Tawa, a lokacin da Yamai ta haura miliyan guda, kuma inda ba a yi cunkoso ba ɗaki da fili ba su yin tsadar da suke yi a bakin kogi. Mai iyali na iya kama gida a Wadata ko Sabon Gari da kuɗin da ba zai ishe shi rabin irinsa a Yamai ba. Ran Lahadi, ranar babbar kasuwa, akwai dabbobi da kayan lambu da ba su sha doguwar tafiya ba. To amma ita ma hayar ba ta tsaya inda take ba. Buɗe jami'a a 2010 ya kawo ɗalibai da malamai masu neman ɗaki. Bikin 18 ga Disamba na 2017, wanda aka yi wa laƙabi da Tawa Sakola, ya ƙawata tituna ya kuma ɗaga darajar filayen da ke bakinsu. Ƴan ci-rani na zuba abin da suka samo cikin fili da bulo. Ga kuma waɗanda rashin tsaro ya koro daga arewa. Duka waɗannan a kasuwar gida guda suke haɗuwa.

Ko da hayar ta zauna da sauƙinta, layi ɗaya ce cikin lissafin gida. Ba a auna arahar gari da farashi shi kaɗai, sai an aza farashin kusa da abin da ke shiga aljihu. Mafi ƙanƙantar albashi da doka ta tsayar a 2012, sefa 30,047 a wata, ya yi fiye da shekara goma bai motsa ba, alhali mafi yawan mutanen Adar ko wannan ba su da shi, tun da ba albashi suke ci ba. Manomi ne, ko makiyayi, ko mai kabu-kabu, ko matar da ke jiran saƙo daga Abijan. Garin da tiyar hatsi ke da rangwame amma babu inda za a samo kuɗin sayenta, tsada gare shi. Wannan ne ya sa jahar da ake yi wa kirarin araha ita ce kuma jahar da ta yi suna wajen fitar da samarinta ci-rani zuwa Kodebuwa da Najeriya da Libiya da Aljeriya. Da zaman gida na biya, da ba a cika motoci bayan kowace kaka ba.

Wanda ya bi diddigin farashin kaya a Adar zai tarar abubuwa uku ne ke gina shi: nisa, da lokaci, da iyaka. Kowannensu yana da kuɗinsa, kuma mai saye na ƙarshe ne ke biya.

Nisa shi ne na farko. Kafin a rufe iyaka a 2023, buhun shinkafar da aka sauke a tashar jirgin ruwa ta Kwatanu sai ya yi fiye da kilomita 1,200 a bayan mota, ta Gaya da Doso da Ƙonni, kafin ya iso Tawa. Daga Tawa kuma sabuwar tafiya ke farawa. Hanyar uranium, wadda ta haɗa Tawa da Agadas da Arlit, an gina ta ne a ƙarshen shekarun 1970, lokacin da ma'adinin ke da daraja a kasuwar duniya. Ta yi shekara da shekaru tana lalacewa, gyaran da ta samu kuwa yanki-yanki ne. Mai babbar mota da ke bin ta yana lissafa taya da sifirin da gazuwal da kwanakin da zai ɓata, sa'an nan ya raba jimlar a kan kowane buhu. Wanda ya bar kwalta ya nufi Tasara ko Tiliya, rairayi da burji ne a gabansa, damina kuma na iya tsayar da shi kwana da kwanaki a bakin ƙorama. Saboda haka sukari da mai da sabulu da siminti suna ƙara tsada ne gwargwadon yadda aka yi arewa, wato gwargwadon yadda aljihun mai saye ke ƙara ƙanƙancewa. Talakan da ya fi kowa nisa shi ke biyan farashin da ya fi na kowa.

A kan wannan nisa rashin tsaro ya ɗora nasa kaya. Tun watan Maris na 2017 aka sa dokar ta-ɓaci a gundumomin Tasara da Tiliya, kuma ranar 21 ga Maris 2021 aka kashe mutum 137 a ƙauyukan yankin Tiliya cikin yini guda. Bayan baƙin cikin rayukan da aka rasa, akwai abin da irin wannan hali ke yi wa kasuwa a hankali. Direba ya ƙi zuwa sai an ninka masa lada. Kasuwar mako ta ragu ko ta daina ci. Babur, wanda shi ne jakin wannan zamani, an taƙaita yawonsa saboda dalilan tsaro. Makiyayin da aka ƙwace wa garke ya koma mai sayen abin da a da shi ke sayarwa. Babu takardar farashi da ke nuna kuɗin tsoro, amma yana cikin kowane kwalin shayi da ya isa can.

Na biyu shi ne lokaci. Ruwan saman da ke sauka a Tawa bai cika wuce milimita 400 a shekara ba, kuma dokar 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa ta bar babban ɓangaren jahar ga kiwo. Ko a shekarar albarka hatsin da Adar ke nomawa ba ya kai yawancin gidaje ga wata kaka, sai an cika da na Maraɗi da Damagaram da arewacin Najeriya. Duk da haka, a watan Oktoba da Nuwamba manomi na kai hatsinsa kasuwa ya sayar da rahusa, domin bashin damina na jiransa, ga tufafin yara, ga biki, ga kuɗin motar ɗan da zai tafi ci-rani. A watan Yuni da Yuli shi ne zai koma ya sayi hatsin nan da tsada, wani lokaci daga hannun wanda ya sayar wa. Ma'aikacin da ba ya iya sayen buhu biyar a kaka, saboda albashinsa wata-wata yake zuwa kuma a ƙare yake zuwa, shi ma da tiya-tiya yake saye a lokacin da ta fi zafi. Rashin jari a watan da ya dace shi ne harajin da ya fi kowane nauyi a Adar, kuma ba ya shiga baitulmali.

Albasa ma haka take, ita da ake alfahari da ita. Jar albasar Galmi ta kai sunan wannan jaha Akara da Abijan da Kwatanu, kuma daga fadamun Tamaske da Keita da Madawa da Tsarnawa ake loda motocin. Amma a watan Maris da Afrilu, lokacin da kowa ke cirewa gaba ɗaya, buhu na faɗuwa ƙasa warwas; bayan wata shida ko bakwai yakan ninka sau da dama. Mai ikon ajiyewa shi ke cin wannan riba. Rudun gargajiya na taimakawa, sai dai zafi da danshin damina na ruɓar da kaso mai yawa kafin farashin ya tashi, mai bashin taki da man injin ban-ruwa kuwa ba ya jira. Makiyayi kuma nasa lokacin ya fi muni: a ƙarshen rani, sa'ad da dabba ta rame farashinta ya faɗi, a lokacin ne hatsi da dusa ke kan ganiyar tsada. Akuyar da za ta sayi buhu a watan Disamba, a Yuni sai a haɗa biyu.

Na uku ita ce iyaka. Tsakanin Birnin Ƙonni da Illelar Najeriya tafiyar ƴan mintoci ce, kuma ta nan mai da taki da masara da kayan kanti suka saba shigowa, dabbobi da wake su fita. Duk shawarar da aka yanke a Abuja, kasuwar Tawa na jin ta kafin mako ya zagayo. Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Ranar 29 ga Mayu 2023 ta janye tallafin man fetur, sai man kwalba na bakin hanya, wanda shekaru da dama ya rage wa masu babura da injinan lambu nauyi, ya rasa arahar da aka san shi da ita. A watan da ya biyo aka saki naira ta faɗi. Faɗuwarta ta sa wasu kayan Najeriya sun yi sauƙi ga mai sefa, amma ta karya mai kai raguna Sakkwato, ta kuma rage darajar abin da ɗan ci-rani ke aikowa daga Legas ko Kano. Abin da ya yi wa mai kanti daɗi shi ne ya yi wa makiyayi ciwo.

Sai kuma juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da takunkumin da ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba kwana huɗu bayansa. Aka rufe iyakoki, Najeriya ta katse wutar lantarkin da ƙasar nan ke dogaro da ita a lokacin wajen kusan kashi 70 cikin ɗari na bukatarta, shinkafa da magani suka yi tashin gwauron zabo. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu 2024, iyakar Najeriya kuma ta buɗe a watan Maris. Amma gadar Gaya da Malanbil ta ci gaba da zama a rufe daga ɓangaren Nijar har cikin shekarar 2025, kaya suka koma bin Lome da Burkina Faso cikin ayarin motoci da rakiyar sojoji. Hanya ta ƙara tsawo, kwanaki suka ƙaru, jarin ɗan kasuwa ya riƙa kwana a daji. Ko mene ne hukuncin da kowa ya yanke game da dalilan siyasar da suka kawo haka, lissafin buhu bai san siyasa ba: kowane kwana da mota ta yi a tsaye, uwar gida ce ke biyansa a Bilbis ko Abalak.

Bayan waɗannan uku akwai kuɗin da mai lissafi daga nesa ke mantawa da su. Ruwa na gaba. A arewacin Adar sai an haƙa ɗaruruwan mitoci kafin a tarar da ruwan da ba ya ƙafewa, a unguwannin gefen Tawa kuma, inda bututu bai kai ba, ɗan garuwa ne kamfanin ruwa. Idan aka sayar da jarkar lita 25 a kan sefa 25, lita dubu ta tashi jika guda ke nan, alhali mai famfo a tsakar gida, a matakin farko na farashi, ko kashi ɗaya cikin biyar na wannan ba ya biya. Wuta ma haka. An buɗe tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 a 2018, abin a yaba ne. Amma kwal ɗin Salkadamna da aka aza tubalin tasharsa a 2014, shekara goma bayan haka bai haska ko fitila ɗaya ba. Tela da mai walda da mai sayar da ƙanƙara da ke tayar da janareta suna zuba kuɗin man cikin farashin aikinsu. Ga kuma kuɗin tafiya: mai haƙurin da aka turo daga Tasara zuwa babbar likitar Tawa, da malamin makarantar da babu banki a garinsa sai ya yi tafiyar yini kafin ya taɓa albashinsa, kowannensu ya biya harajin nisa tun bai sayi komai ba.

Wannan ƙasa ta sha gwada maganin tsadar rayuwa, kuma tarihin gwajin na da darasi. Ranar 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, faran ɗin Faransa da ke sefa 50 ya koma 100. Masu fitar da albasa da dabbobi sun ɗan samu iska, amma ma'aikaci, wanda a shekarun nan yakan yi watanni yana bin gwamnati bashin albashi, ya wayi gari kuɗinsa ba su sayen abin da suke saye jiya. A lokacin ƴan kasuwa ne suka riƙe gidajen ma'aikata da bashi, wasu kantuna kuma a kan wannan bashin suka durƙushe. A farkon 2005 dokar kasafi ta ɗora harajin TVA na kashi 19 cikin ɗari a kan madara da fulawa da sukari da ruwa da wuta. Ƙawancen ƙungiyoyin farar hula masu yaƙi da tsadar rayuwa ya fito da dubban mutane kan titunan Yamai ranar 15 ga Maris, aka bi da ranakun zaman gida a manyan birane, har a watan Afrilu gwamnati ta janye harajin daga kan madara da fulawa ta kuma sassauta na ruwa da wuta. Nasara ce ta gaskiya. Sai dai a daminar wannan shekara, bayan fari da farar ɗango na 2004, jahar Tawa na cikin inda yunwa ta fi yi wa ɓarna, kuma a kasuwanni da yawa akwai hatsi jibge, kuɗin saye ne babu. Zanga-zangar birni ta sauke haraji, ba ta iya sauke tiyar hatsi a ƙauye ba.

Mahukuntan da suka zo bayan Yuli 2023 su ma sun ɗauki matakai. A Yuli 2024 aka rage litar fetur daga sefa 540 zuwa 499, gazuwal daga 668 zuwa 618. A Agusta aka rage kuɗin jinya a likitocin gwamnati da rabi. A Oktoba aka sauke farashin siminti, aka kuma hana fitar da hatsi zuwa waje in ban da Mali da Burkina Faso. A Mayu 2025, gabanin babbar salla, aka hana fitar da dabbobi. Wasu daga cikin waɗannan sun kai ga talaka kai tsaye, rangwamen jinya musamman, kuma wanda ya musunta haka bai yi adalci ba. To amma farashin da aka rubuta a Yamai yana aiki ne inda akwai gidan mai da ke da mai a cikinsa. Ƙarancin fetur na watan Maris 2025 ya nuna cewa idan kaya suka yanke, takarda ba ta cika tanki. Hana fitar da rago kuwa ya sauƙaƙa wa mai layya a birni, amma daga aljihun makiyayin Abalak da dillalin Badagishiri aka cire sauƙin. Kafin a kira mataki rangwame, ya kamata a tambaya: wa ya biya shi?

A nan ne ma'aikaci da ɗan kasuwa suka saba nuna wa juna yatsa. Ma'aikaci ya ce ɗan kasuwa na ɓoye kaya yana jiran tsada. Ɗan kasuwa ya ce ma'aikaci ne ke tsaye a kowane shinge da kowane ofis yana jiran na goro, ga patanti, ga kuɗin rumfa, ga na duwan. Kowace magana da ƙamshin gaskiya. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai masu rumbunan da ke murna da fari, akwai kuma masu kaki da ke mayar da igiyar shinge gonarsu, kuma doka ta isa ta hukunta duka biyun. Amma mafi yawan ƴan kasuwar Tawa masu ƙaramin jari ne da ke sayen kaya bashi daga Ƙonni ko Maraɗi, mafi yawan ma'aikata kuma malaman makaranta ne da ma'aikatan jinya da ba su da shingen da za su tsaya. Idan albashi ya ƙare kanti ne ke yin shiru. Idan mota ta kwana a hanya tukunyar ma'aikaci ce ke jira. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Abin da ya kamata a yi ba ɓoyayye ba ne, kuma yawancinsa akwai kayan aikinsa a ƙasa. Da farko a san gaskiyar farashi. Shekaru da dama ma'aunin hauhawar farashi na ƙasa a kasuwannin Yamai kaɗai ake ɗaukarsa. Hukumar SIMA kuwa ta daɗe tana tattara farashin hatsi a kasuwannin karkara mako-mako. Babu abin da zai hana kowace ma'aikatar magajin gari, daga Tawa zuwa Tiliya, ta kafa allo a bakin kasuwa ta rubuta farashin tiya da buhu da lita na wannan mako, nata da na garuruwan maƙwabta, gidajen rediyon karkara kuma su karanta shi da Hausa da Tamajak da Fulatanci. Mai saye da ya san farashin Badagishiri ba a cutarsa da sauƙi a Barmu. Da wannan allon ne kuma ƙungiyoyin ƙwadago za su iya zama da gwamnati su nemi a lissafa alawus ɗin wurin aiki bisa ainihin tsadar wurin, domin a daina ɗaukar turawa arewa a matsayin horo.

Sa'an nan a yaƙi tsadar lokaci da rumbu. Ofishin OPVN, wanda aka kafa tun 1970, ya saba sayar da buhun kilo 100 a kan jika 13 a lokacin sayarwa da rangwame. Amfanin wannan tsari na ga lokacinsa da ma'auninsa. Hatsin da ya isa Tasara bayan ƙoramu sun cika ya makara. Wanda aka ce sai buhu-buhu za a saya ya wuce ƙarfin wanda aka yi domin shi, ya faɗa hannun mai sake sayarwa. A sayi hatsin daga manoma a kaka da farashin da zai hana shi faɗuwa, a kai shi rumbunan arewa kafin watan Mayu, a sayar da tiya, a kuma liƙa adadin da kowace ƙaramar hukuma ta karɓa inda kowa zai gani. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kazalika tsarin jinginar amfanin gona, inda manomi ke ajiye buhunsa a rumbun ƙungiya ya karɓi rance ya kuma fanshe shi bayan farashi ya tashi, an gwada shi a ƙasar nan tun ƙarshen shekarun 1990 kuma ya yi aiki. Abin da ya rage shi ne bankuna da asusun ajiya su yarda buhun wake da na hatsi jingina ne, a kuma gina wa albasa ɗakunan ajiya masu iska a inda ake noma ta. Ma'aikata su ma, ta hanyar ƙungiyoyinsu, na iya haɗa kuɗi su sayi hatsin shekara a Nuwamba a riƙa cirewa daga albashi kaɗan-kaɗan.

Nisa kuwa maganinsa hanya ce da bututu. Jahar da ke da masana'antar siminti a Malbaza, wadda kuma ta kan hanyarta uranium ya bi shekaru arba'in yana fita, ba ta roƙon alfarma idan ta nemi a gama gyaran wannan hanya daga farko har ƙarshe, a kuma ware kuɗin kula da ita kowace shekara. Shingayen da tsaro ya wajabta a bar su, amma a rubuta adadinsu, a kuma bayyana cewa ba a biyan ko dala a kansu ba tare da rasit ba; ofishin ƴan kasuwa na jaha da ƙungiyar masu motocin sufuri su ne suka fi cancanta su riƙa ƙirga abin da mota ke kashewa daga Ƙonni zuwa Cintabaraden su buga shi a fili, tare da ribar da su kansu ke ɗorawa. A cikin birni kuma, duk unguwar da aka yanka filaye aka sayar, haƙƙin ma'aikatar magajin gari ne ta kai mata ruwa da kuɗin da ta karɓa. Mita ɗari na bututu a unguwar talakawa ya fi fitilun ado dubu rage tsadar rayuwa.

Kada kuma a ce Adar ba ta iya ba. A 1984, cikin tsakiyar fari, aka fara aikin raya karkara na Keita da taimakon Italiya da hukumomin FAO da PAM. Mutanen yankin, mafi yawansu mata tun da mazan sun tafi ci-rani, suka ɗauki duwatsu a ka, suka gina shingayen tare ruwa, suka dasa miliyoyin itatuwa, suka mayar da dubban hekta na faƙo gona. Wannan aiki bai tsayar da farashin komai da doka ba. Ya ƙara abin da ƙasa ke bayarwa, ya ƙara abin da ke shiga gida, kuma ta nan ne araha ta gaskiya ke zuwa.

Gwamnan jaha da magadan gari da shugabannin ƴan kasuwa da na ƙwadago ba su da ikon tsayar da naira ko buɗe gadar Gaya. Amma allon farashi, da ranar da hatsi zai isa rumbu, da igiyar shinge, da bututun unguwa, duk a hannunsu suke. Ma'aunin da za a auna su da shi mai sauƙi ne, kowace uwar gida ma ta iya shi: a ɗauki farashin tiyar hatsi a kasuwar Tawa a watan Nuwamba, a ɗauki farashinta a Tiliya a watan Yuli, a duba tazarar da ke tsakani. Shekarar da tazarar ta ragu, an yi aiki. Kafin wannan shekarar ta zo, wanda ke shirin yi wa abokin aikinsa barka da samun garin araha ya fara tambayarsa nawa ya sayi jarkar ruwa.